Supra, Nissan Z ko Alpine A110: cikin tsofaffin sunayen da aka tayar, wacce ta cancanci kudinka?

Duk lokacin da wani kamfani ya yaye kyalle a wajen baje kolin motoci aka ga konsef mai dauke da tsohon suna sai kaga intanet ta dauka, kowa na cewa shikenan ta dawo, wasu har sun fara lissafin abinda zasu saida su hada kudin. Toh amma ba girin-girin ba dai tayi mai, domin konsef mota ce guda daya tak da aka hada da hannu dan a dauki hoto a auna bakin mutane, wata ma ko inji babu a cikinta turata akeyi zuwa kan dandamali. Lamborghini sun nuna sabuwar Miura a 2006 ba'a kera ba. BMW sun nuna M1 Hommage a 2008 shiru kake ji. Nissan sun nuna IDx a 2013 mai kama da Datsun 510, mutane sukayi ta rokon a yi, ba'a yi ba. Jaguar ma sun nuna E-type Zero mai lantarki a 2017, suka ce zasu saida, zuwa 2019 suka janye maganar. Saboda haka in kana da kudin motar wasa guda daya a hannu, wadanda suka fito daga hoto suka hau titi su ne abin dubawa, kuma cikin wadanda mutum mai rufin asiri zai iya tunkara ba sai attajirin duniya ba, uku ne suka fi daukar hankali: Toyota GR Supra, Nissan Z da Alpine A110.

Abinda yasa kwatanta su yake da dadi shine kowacce bangare daban ta dauko daga tsohuwar. Toyota suna suka dawo dashi da tsarin inji, gangar jikin kuwa aro ce. Nissan fuska suka dawo da ita suka dora akan kashin da suke dashi tun da. Su kuma Faransawa masu Alpine tunanin da aka gina tsohuwar akai suka dauko, wato rashin nauyi, sauran komai sabo ne. In ka gane wanne daga ciki kake kewa, rabin zabin ya kare.

Bari mu fara da Supra tunda ita tafi jawo rigima. Wadda mutane ke nufi in sun ce Supra ita ce A80, wadda aka kera daga 1993 zuwa 2002, mai injin 2JZ-GTE, silinda shida a jere, lita 3.0, tobo biyu, bulok na bakin karfe. A Japan an rubuta mata karfin doki 280 saboda yarjejeniyar da kamfanonin kasar sukayi a tsakaninsu, ta Amurka kuma 320, amma ba wannan ne ya daukaka ta ba, abinda ya daukaka ta shine masu gyara sun gano zaka iya ninka karfin injin nan ba tare da ka bude cikinsa ba kuma ya dauka. A zamaninta ma bata wani sayu ba fa, tsada ta sa aka daina kaita Amurka bayan 1998, sai daga baya fim da wasannin kwamfuta suka mayar da ita abin nema.

A watan Janairun 2014 Toyota suka nuna konsef din sabuwar Supra mai suna FT-1 a Detroit, aikin ofishin zanensu na Calty dake Kalifoniya, doguwa mai fadi kasa-kasa, wallahi motar tayi kyau. Sai da aka shekara biyar kafin ta gaske ta fito, Janairun 2019, kuma da ta fito sai akaga an matse ta, ta fi konsef din gajarta da kunci, layukan da suka mike akan FT-1 suka dunkule akan wannan. Dalili kuwa a fili yake, an hada ta ne da BMW akan shimfida daya da motarsu BMW Z4, kuma kamfanin Magna Steyr ne ke hada su biyun a garin Graz na kasar Ostiriya. Ka daga bonet dinta ka leka, tambarin BMW zaka gani akan kayan ciki birjik, ka shiga ka zauna sandar giya ta BMW ce, madannan ta BMW ne, allon nan da abin murzawa na gefen hannu duk nasu ne an canza masa launi kawai, kai har karar da takeyi in ka bar kofa a bude. Ramukan iska da kake gani a kofa da bonet kuwa yawanci a toshe suke da roba, ado ne.

Toh wannan aibi ne? Ya danganta da abinda ka zo nema. In kana son ka ce ina tuka motar Japan tsantsa wadda injiniyoyin Toyota suka yi tun daga kusa har fenti, ba ita bace, kuma babu bayanin da zai sa ta zama. Amma in ka ajiye wannan gefe, injin da aka aro din, B58, yana cikin mafi kyawun silinda shida da ake kerawa a wannan zamanin, tun 2015 yake cikin motocin BMW kala-kala, har wasu kamfanoni irinsu Morgan da Ineos shi suke saye su saka a nasu. Shima a jere yake, lita 3.0, tobo daya, kuma shima masu gyara sun same shi da hakuri. Shugaban aikin Tetsuya Tada ya dage akan sai silinda shida a jere saboda tarihin sunan, Toyota kuma a lokacin basu da irin wannan injin, kera sabo dan mota daya da ba za'a saida da yawa ba asara ce, shi yasa aka je Jamus. Ta fara da doki 335 a Amurka, shekara daya bayan nan aka kai 382, ta Turai kuma aka barta a 340 saboda matatar hayakin da doka ta tilasta, dan haka in zaka sayi ta hannu ka tambayi shekararta da kasuwar da akayi ta dominta, ba duka bane daya. Akwai kuma mai silinda hudu lita 2.0 wajen doki 255, ta fi sauki a hanci kuma ta fi arha, amma gaskiya wanda ya zo dan sunan Supra ba ita yake nufi ba. Giya da farko otomatik ce kawai ta ZF mai takwas, mutane sukayi ta korafi, a 2022 aka kawo ta hannu mai shida.

A tuki motar gajeriya ce tsakanin taya da taya, milimita 2,470, ta ma fi karamar 'yar uwarta GT86 gajarta ta nan, shi yasa take juyawa da sauri kamar an mintsine ta, bayanta kuma baya jin kunyar zamewa in ka taka totur da garaje a kwana. Kujera biyu ce, tsohuwar nada kananan kujeru a baya wannan babu. Rufin yayi kasa sosai, dogon mutum sai ya sunkuya kafin ya shiga, gani ta gefe da baya kuma kadan ne. Sannan akwai wani abin haushi da duk masu ita suka sani, in ka sauke gilasai kana gudu iska na dukan cikin motar bum bum bum har kunne ya dame ka, sai ka daga ko ka sa wani dan karamin abu a jikin madubi da ake saidawa dan maganin hakan.

Nissan kuwa hanyarsu daban. Asalin Z ita ce S30 da ta fito karshen 1969, a Japan Fairlady Z, a waje Datsun 240Z, kuma Yutaka Katayama wanda ke rike da Nissan a Amurka shine ya tsaya mata. Inji lita 2.4 silinda shida a jere wajen doki 150, kudinta dala 3,500 da 'yan kai, ga kyau kamar motocin Turai masu ninkin kudinta ga kuma bata lalacewa irin nasu, shine sirrinta kaf. Kuma ba ado kadai bace, ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973, wanda duk mai bin tseren daji ya san ba karamar azaba bace. Wato alkawarin Z tun farko shine karfi da kyau a farashin da ma'aikaci zai iya kaiwa.

Konsef din sabuwar Z, wato Z Proto, ta fito Satumban 2020 cikin ruwan dorawa, kuma anan Nissan sun cika alkawari fiye da kowa, domin wadda aka nuna a Agustan 2021 aka fara saidawa a 2022 kusan ita ce dai ba'a taba komai ba. Fitilun gaba sun dauko daga 240Z, dogon bonet da rufin da ya gangara baya haka, fitilun baya kuma na 300ZX ta shekarun 1990 ne, a saman dashbod ga agoguna uku nan sun karkato wajen direba kamar yadda aka saba tun ta farko. Cikin ukun nan in aka jera su aka ce wacce tafi kama da kakarta a ido, Z da Alpine ne zasu yi ta, Supra bata ma shiga layi.

Dalilin da yasa suka iya yin sauri haka shine ba sabuwar mota suka kera ba. Karkashinta 370Z ce wadda ke kasuwa tun wajen 2009, lambar casis dinma RZ34 ce, tsohuwar Z34, harafi daya aka kara. Tsohon gida ne aka yiwa sabon fenti aka canza kofofi da wayarin, tubalin na nan yadda yake. Zaka gane haka in ka zauna ciki, allon gaba na zamani ne amma marikin kofa da wasu madannai da birkin hannu na sanda duk na da ne. An kara mata tauri an canza shokoziba an mayar da sitiyari na lantarki, amma nauyinta ya kusa kilo 1,600, ita ce mafi nauyi a ukun. Injin kuwa VR30DDTT ne, V6 lita 3.0 tobo biyu, doki 400, wanda aka dauko daga Infiniti Q50 da Q60, motocin alfarma na Nissan, kenan shima ba sabo bane amma na gida ne, ba'a je makwabta aro ba. Giyar hannu mai shida tana nan tun ranar farko, ga otomatik mai tara ga wanda yake so.

A takarda Z tafi Supra doki, a titi kuma gwaje-gwajen mujallun motoci na Amurka sun nuna Supra ke riga ta, saboda nauyi da taya da yadda giyar ZF ke aiki. Z tafi laushi, tana dan jingina a kwana, tafi dacewa da doguwar tafiya akan a kaita filin tsere ana kure ta. Ni a wajena wannan ba laifi bane, 240Z dinma ba motar kure agogo bace. Inda zaka kula shine matakin da zaka saya, ta kasa wadda suke kira Sport bata da difaransha mai kulle tayoyin baya wato LSD, birkinta ma kanana ne, kuma doki 400 akan tayoyin baya babu wannan abin sai kaga taya daya na ta juyawa a banza in ka fito kwana. Matakin da ke samanta mai suna Performance ita ce ta gaskiya. Ta can sama mai suna Nismo ta kai doki 420 amma da ta fito otomatik kadai aka yi ta, abinda ya bata wa da yawa rai. Farashi kuma ta fara ne daga wajen dala 40,000 lokacin da Supra mai silinda shida ta haura 50,000, duk da a shekarar farko dillalai sun yi ta dora nasu akai saboda karancinta. Wani abu kuma, ba'a saida ta a Turai kwata-kwata saboda dokokin hayaki.

Yanzu Alpine, kuma anan zan dan dade dan ita ce mutane suka fi rashin sani. Jean Rédélé ne ya kafa kamfanin a 1955 a garin Dieppe na Faransa, dillalin Renault ne mai son tsere. A110 ta asali ta fito farkon shekarun 1960 aka yi ta har 1977, 'yar mitsitsiya, bodin faiba, inji a can baya, injin ma na kananan motocin Renault ne na talakawa, nauyinta wajen kilo 700. Da wannan dan injin ta ci tseren Monte Carlo a 1971, ta kuma dauki kofin duniya na tseren rali na farko da aka fara a 1973. Ba karfi ta fi kowa ba, nauyi ne babu, a kan dusar kankara da kwanonin dutse kafin manyan motoci su gama birki ita ta wuce. Renault suka rufe sunan a 1995.

Dawowarta ta dau lokaci. Konsef ta farko A110-50 a 2012, aka shiga hadin gwiwa da Caterham na Ingila aka rabu a 2014, Renault suka ci gaba su kadai, aka nuna Alpine Vision a 2016, ta gaske ta fito a Geneva a Maris 2017, kuma a Dieppe din dai ake hada ta. Sun yi abinda sauran biyun basu yi ba, shimfida sabuwa fil wadda ba'a raba da kowace mota, casis da bodi duk alminiyom, inji a tsakiya bayan kujeru. Injin lita 1.8 ne silinda hudu da tobo, dangin na Renault Megane RS, doki 252 kacal, na matakan S da GT daga baya suka kai 300. Kana jin 252 zaka ce haba, ina zata kai kusa da 400? Toh nauyinta wajen kilo 1,100 ne, kusan rabin tan kasa da Z. Yi lissafi da kanka, Z na da wajen doki 250 a kowane tan, Supra kusan haka, Alpine ta kasa wajen 230, kaga ratar ta kusa bacewa, kuma daga tsaye zuwa kilomita 100 dakika 4.5 take yi.

Yadda suka rage nauyin ne abin burgewa, gram-gram suka bi. Kujerar kamfanin Sabelt da aka sa wa na farko kilo 13 da kadan ce kowacce, bayanta baya kwanciya, yadda aka zuba ta haka zaka zauna. Birkin hannu ba'a yi masa nasa kalifa wato abin da ke matse farantin birki daban ba, an cusa shi cikin na tayar baya dan a rage kilo biyu da rabi. Kuma rashin nauyi yana haifar da wani rashin nauyin, tunda motar bata da nauyi bata bukatar manyan tayoyi, bata bukatar katon birki, bata bukatar sifirin mai tauri dan ya rike ta, shi yasa zaka ganta tana bin hanya mai gargada a natse tana lankwasa kafa inda sauran ke tsalle. Kafafun duka hudu dabul-wishbon ne, wato hannaye biyu sama da kasa ke rike da kowace taya. Mai kadan take sha, taya da birki suna dadewa. Gordon Murray wanda ya zana McLaren F1 da kudinsa ya sayi daya yana hawa, kuma mutumin nan ba kasafai yake yabon motar wani ba.

Amma fa ta karbi kudin wannan a wani wajen. Giyar hannu babu ita sam, ba'a taba yi ba, otomatik ce mai kuloci biyu mai giya bakwai, wanda ga motar da aka yi dan jin dadin tuki abin takaici ne. Karar silinda hudu ba zata taba kai ta shida dadi ba ko me aka yiwa salansa. Ciki babu ko akwatin ajiya na gaban fasinja, but biyu ne gaba da baya kowanne wajen lita 100 kuma marasa zurfi, Supra kuwa nada wajen 290 a waje daya. Rediyo da allon na farkon sun tsufa tun suna sabbi. Ganin injin ma aiki ne, sai an daga gilashin baya an kwance murfi. Kudinta ba kadan ba, bugun farko guda 1,955 da aka yi yuro 58,500 aka saida su. Ba'a kaita Amurka ba, a Ostireliya ma an daina saida ta a 2021 saboda sabuwar dokar karo ta gefe. Sannan babbar magana, bodin alminiyom ne da aka hada da gam da ribit, in aka buge ka ba kowane mai gyaran bodi ne zai iya taba ta ba, kuma dilolinta kadan ne ko a inda ake saida ta.

Wannan ya kawo mu maganar da masu kallon hoto basa so, wato wa zai gyara maka. Supra anan aron da ake zaginta akai ya zama alheri, duk bakaniken da ya san BMW na zamani kuma yana da kwamfutarsu ya san motarka, kayan inji kuma suna ko'ina tunda B58 na cikin motoci masu yawan gaske, sai dai kudin gyaran na BMW ne ba na Corolla ba, kar tambarin gaba ya rude ka. Z ita ma da sauki, kafafu da abubuwa da yawa sun yi shekaru a kasuwa tun 370Z, injin kuma an san halinsa daga Infiniti. Alpine injinta da giyarta ba bakin abu bane ga wanda ya san Renault, amma fitila, bamba, gilashi, kofa, duk nata ne ita kadai, in daya ya fashe zaka jira. Dukansu ukun masu tobo ne, mai mai kyau suke so da bakin mai akan lokaci, kuma dukansu kasa suke, inda hanya ba lafiya bambar gaba ce zata fara gaya maka.

Wani zai ce to me zai hana in sayi tsohuwar kawai tunda ita ake kwaikwayo? Zaka iya, amma ka san me kake saye. Farashin masu kyau ya tashi daga hannun mai son hawa ya koma hannun mai ajiya, a 2020 an saida wata 240Z ta 1971 da kusan ba'a hau ba dala 310,000 a gwanjon intanet, Supra A80 da aka yi fim da ita kuma ta kai 550,000 a 2021. Wadannan na musamman ne amma sun ja sauran sama, yanzu A80 mai tobo da giyar hannu wadda ba'a yi mata barna ba tana iya fin sabuwar tsada, kuma samun wadda ba'a taba ba shine wahalar, kusan kowacce wani ya kara mata karfin tobo ya kure ta. 240Z tsatsa ce ciwonta, kasa da ramukan taya da wajen batir, fenti mai sheki baya nufin komai sai an daga ta an duba. Tsohuwar A110 kuma bayan na Faransa an hada wasu a Sifen da Meziko da Bulgeriya, farashinsu ba daya ba, dole ka san wacce ake nuna maka. Ga babu jakar iska a 240Z da A110, babu ABS, babu komai tsakaninka da karfe. Mota ce ta fita ranar hutu ga wanda yake da wata motar da kuma bakanike mai hakuri.

Kuma wannan ne dalilin da yasa sabuwa ba zata taba zama tsohuwar ba ko an so. Dokar kare mai tafiya a kasa ta tilasta a daga hanci a bar fili tsakanin bonet da inji, ita ce ma ta taimaka wajen kashe fitilun nan masu budewa sama wadanda aka daina tun wajen 2004, dokar karo ta kaurara ginshikan gilashi da kofofi, dokar hayaki ta kawo tobo da matata. Ko Lamborghini da suka tayar da Countach a 2021, guda 112 kacal akan kudi sama da dala miliyan biyu, karkashinta dangin Aventador ce, kuma Marcello Gandini wanda ya zana ta asali fitowa yayi fili ya nesanta kansa da ita. In masu wannan kudin basu iya ba, kar ka sa ran za'a baka 1970 cikin leda akan dala dubu hamsin.

Lokaci ma na cikin lissafin. Toyota sun sanar cewa 2026 ce shekarar karshe ta kera wannan Supra din, Alpine ma sun ce mai fetur din zata tsaya a 2026 wadda zata gaje ta lantarki ce, kuma batir nauyi ne, abinda A110 ta ginu akan gudunsa. Kenan biyu daga cikin ukun kasuwar hannu ce gabansu. Masu cewa bari in jira Mazda su kera Iconic SP da suka nuna a 2023 mai injin rotari, ko Hyundai N Vision 74, su tuna Mazda sun nuna RX-Vision tun 2015, sannan ko wadanda suka tabbata dinma, FT-1 da A110-50, shekara biyar-biyar suka ci kafin su iso kuma da suka iso kamanninsu ya canza. Kar ka bada kafin alkalami akan motar da ba'a sa mata ranar fara kerawa da farashi ba.

Toh wacce? In mota daya zaka ajiye, kana son ka je aiki da ita ka yi tafiya ka kuma taka in hanya ta bude, kuma baka damu da wa ya haifi injin ba, Supra mai silinda shida daga 2021 zuwa sama, in ka samu mai giyar hannu ma ka more, ita ce tafi sauri kuma tafi cika ta kowane bangare. In abinda ke ranka shine kamannin da, da kuloci a kafa, da motar da Japanawa suka yi da kansu, kuma kana son canji ya rage a aljihu, Z Performance, ka yafe mata nauyin da tsofaffin madannan, in ka samu hali ka canza mata taya masu kyau zaka ga bambanci. Ni kam in aka ajiye min makullai uku na Alpine zan dauka, ta kasan ma mai 252 ba S ba, dan kafarta tafi laushi kuma ita ce tafi kusa da abinda Rédélé yayi, amma da sharadi daya, sai in akwai dila ko gareji da ya san ta a inda zan iya kaiwa. In babu, Supra zan koma ba tare da wani dogon tunani ba.

Ko wacce ka tsayar, kafin ka biya ka shiga ka zauna da kofa a rufe ka ga ko kanka na taba rufi, musamman Supra, ka sa a jona kwamfuta a duba ko an taba yiwa injin tunin wato canza masa saiti a kara karfi, dan masu B58 da VR30 basa barin su haka kuma hakan na kashe garanti, a daga ta a duba kasan bamba da gefen tayoyin baya, in Alpine ce kuma a nemo takardar duk wani aikin bodi da aka taba yi mata da sunan wajen da yayi.